Wai tsaron bayanai aikin ɗan IT ne shi kaɗai?

Ɗan IT:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya hana ni sukuni tun makon jiya, nace bari in kawo shi nan ko Allah zai sa in samu mai ba ni shawara. Ni kaɗai ne mai kula da kwamfutoci a wurin aikinmu, mu kusan saba'in ne. Ranar Talata sabarmu, wato babbar kwamfutar da muke ajiye fayilolin kuɗi da na ma'aikata a cikinta, ta tsaya cak, had dis ɗinta mai riƙe bayanan ya mutu. Nace ba komai ai akwai bakof, wato kwafin fayilolin da ake ajiyewa a gefe, ina zuwa in dawo da shi sai na tarar ashe wata huɗu kenan ba ya aiki, ma'ajiyar ta cika, saƙon gargaɗin kuma yana ta tafiya imel ɗin wanda na gada, mutumin da ya bar aiki tun bara. Allah ya taimaka an ceto mafi yawan fayilolin amma aikin kusan sati uku ya tafi. Na yarda da nawa laifin, ban taɓa gwada dawo da bakof ɗin nan ba tunda na zo, wannan kam nawa ne. Amma sau uku ina rubuta wa oga cewa ma'ajiyar ta kusa cika a sayo wata yana cewa a bari sai kasafi na gaba. Yanzu a mitin ya dube ni gaban kowa yace ai shi ya sa aka ɗauke ni aiki, wai in nemo antibairos mai ƙarfi a sa a wuce wurin. Antibairos ina ruwansa da had dis da ya mutu? Don Allah ku gaya min gaskiya, nauyin nan duk a wuyana yake?

'Yar HR:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba ɗan uwa. Ni abin da ya tsaya min shi ne imel ɗin wanda ya bar aiki tun bara, kana nufin akawun ɗinsa har yanzu a buɗe yake?

Ɗan IT:
A buɗe yake Anti. Jiya na zauna na ƙirga, akawun goma sha ɗaya na mutanen da suka tafi ba a rufe ba, biyu daga ciki ma na masu ikon admin ne. Ba wanda yake sanar da ni in mutum ya ajiye aiki, sai dai in ga na daina ganinsa.

'Yar HR:
To wannan laifin irin ofishinmu ne na HR masu kula da ma'aikata, ba zan ɓoye ba. Mu muke riƙe da takardar ajiye aiki, mu muka san ranar da mutum zai tafi, amma abin da muke bi kawai ya dawo da katin shaida da makullin ofis. Makullin da ba a gani da ido ba ma tunawa da shi. Mu sai da muka sa layi a fom ɗin sallama cewa ba a biyan mutum haƙƙinsa na ƙarshe sai sashen IT ya sa hannu an rufe komai nasa, imel, VPN wato hanyar shiga kwamfutocin ofis daga nesa, manhajar albashi, har gurup ɗin aiki. Tun daga nan abin ya gyaru, kuma ba mu kashe ko sisi ba.

Yaya Injiniya:
Ƙanena rufe waɗannan goma sha ɗayan yau ɗin nan kafin ka kwanta, kada ka jira mitin. Ka tuna abin da ya faru da Colonial Pipeline a Amurka a watan Mayun 2021. Kamfani ne mai bututun da ke kai kusan rabin man da gabashin ƙasar ke sha, amma ta wani tsohon akawun na VPN da ba a amfani da shi aka shiga, fasuwod kaɗai, babu tantancewa ta biyu irin lambar da ake turo wa mutum a waya. Suka rufe bututun kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, suka biya ɓarayin da suka kulle musu fayiloli fansar kusan dala miliyan 4.4. Shugaban kamfanin da kansa ya je gaban majalisar dattawa ya yi bayani, ba ɗan IT aka tura ba. Wannan kaɗai ya amsa maka rabin tambayarka.

Baba Manaja:
Bari in yi magana a madadin ogogin da kuke ta zarga, don na shekara sama da ashirin a wannan kujerar. Yarana ku ma kuna da naku. Mutum zai shigo ofishina ya ce min fayawol ya tsufa, ana buƙatar lasisin kaza, saba tana buƙatar kaza, duk da yaren da ba na ji, in tambaye shi in ban saya ba me zai faru sai yace ai za a iya yi mana kutse. To komai ma ai za a iya. Gobara za ta iya tashi, mota za ta iya faɗuwa da kaya, babban kwastoma zai iya guduwa. Ni a gabana akwai buƙatu goma kuɗin uku ne a hannu. Wanda ya zo min da lissafi shi nake saurara. Kai da ka rubuta sau uku, me ka rubuta? Cewa kayi ma'ajiya ta kusa cika, ko cewa kayi in ta cika za mu iya rasa bayanan albashi da na bashin da muke bin mutane? Maganganun nan biyu ba ɗaya ba ne a kunnen shugaba.

Ɗan IT:
Gaskiya Baba na farkon na rubuta. Na ɗauka kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Baba Manaja:
Bai sani ba ɗana. Wallahi bai sani ba. Ni ma a lokacina da ban sani ba.

Malam Odita:
Baba ya faɗi gaskiya amma bai ƙarasa ba, ku ba ni dama in ƙarasa masa, kuma zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Rashin jin yaren kwamfuta ba ya sauke wa shugaba nauyi. Shugaba ba akanta ba ne amma in kuɗi suka ɓace shi ake tambaya, ba lauya ba ne amma shi yake sa hannu a kwantiragi. Me ya sa sai an zo kan bayanai ne zai ce ba fanninsa ba ne? Bayanan nan dukiyar ma'aikata ce, kuma wasu ma amana ce, na mutane ne da suka ba ku suna da lambar waya da lambar asusu. Ɗan IT mai gadi ne. Mai gadi yana iya cewa katangar baya ta zube, amma ba shi ne mai cewa a gina ko a bari ba, kuma in mai gida yace a bari to mai gida ne ya ɗauki kasadar.

Abin da ya ɓace a wurin aikinku shi ne rajistar haɗari. Ba wani abu ne mai wuya ba, takarda ce ko shafin Excel. Kowane layi haɗari ɗaya: me zai iya faruwa, ga wane abu, yaya yiwuwarsa, in ya faru me za a rasa, me ake yi a kai yanzu, sai kuma babban ginshiƙin, sunan mai haɗarin. Kuma mai haɗarin ba kai ba ne. Haɗarin ɓacewar bayanan albashi na shugaban sashen kuɗi ne, na fitar bayanan ma'aikata na shugabar HR ne. Kowane haɗari hanya huɗu ce ake bi da shi, ko a rage shi, ko a kauce masa gaba ɗaya a daina abin da ke jawo shi, ko a tura wa wani kamar inshora, ko a karɓe shi a zauna da shi. Karɓa ba laifi ba ne, babu ma'aikatar da ke da kuɗin toshe kowace kafa. Laifin shi ne a karɓa da baki a lungu, ranar da abu ya fashe kowa ya ce bai sani ba. Da lokacin da oganka yace a bari sai kasafi na gaba ka kawo masa takarda kace to yallaɓai sa min hannu a nan cewa mun yarda mu zauna wata shida ba tabbacin bakof, ina tabbatar maka ko dai ya sa hannun ya zama nasa, ko ya nemo kuɗin a ranar. A gogewata yawanci kuɗin ake nemowa.

Baba Manaja:
Hakane Malam, biro yana sa mutum ya sake tunani. Amma a kai takardar da ladabi, kada yaro ya shiga kamar ya zo kafa wa oga tarko.

Malam Odita:
Ƙwarai kuwa Baba. Kariya ce ga su biyun.

Ɗalibi:
Malamai ina da tambaya, ni ɗalibi ne ina karantar fannin nan. Ba sai kawai su nemi satifiket ɗin ISO 27001 ba? Naji ance duk kamfanin da yake da shi ya tsira.

Malam Odita:
Wanda ya gaya maka haka bai yi maka adalci ba. ISO 27001 tsari ne na yadda za a riƙa tafiyar da tsaron, bugun 2022 yana da matakan kariya 93 a jerinsa, kuma abu ne mai kyau ina aiki da shi. Amma satifiket yana nuna cewa ranar da aka zo dubawa an ga tsari a ƙasa, a iyakar sashen da aka ce a duba. Na sha shiga wurin da manufofi ke cike da fayil an sa hannu an buga hatimi, ka tambayi mai karɓar baƙi wa za ta kira in ta danna abin da bai kamata ba tace ba ta sani ba. Ga ma'aikata mai mutum saba'in ni zan ce su fara da tsarin tsaron bayanai na NIST, hukumar ma'auni ta Amurka, kyauta ne ana sauke shi. Da can ginshiƙai biyar ne, sanin abin da kake da shi, kare shi, hango kutse, mayar da martani, farfaɗowa. A Fabrairun 2024 da suka fitar da bugu na biyu sai suka ƙara na shida, shugabanci, wato wa ke yanke hukunci wa ke ɗaukar alhaki. Ka ga su ma inda muhawarar nan tamu ta dosa can suka dosa.

Hajiya Akanta:
Ina ta karantawa ina jira a zo inda ya fi ci min tuwo a ƙwarya ba a zo ba. Ku duk hankalinku yana kan saba da fayawol, ni kuwa ɓarawon da na sani ta imel yake zuwa da sallama da ladabi. Shekara biyu da suka wuce saƙo ya zo mana daga wani kamfani da muka daɗe muna sayen kaya a wurinsu, tambarinsu, sa hannun mutumin da muka saba da shi, har zaren tsohuwar hirarmu a ƙasa, wai sun canza banki a tura kuɗin wannan watan sabon asusu. Yarinyar da ke ƙarƙashina har ta shirya biya. Abin da ya cece mu doka ɗaya ce da na kafa na kuma hana kowa karya ta ko ni ce: duk wanda yace ya canza asusu sai an kira shi a lambar da ke cikin tsohon fayil ɗinmu, ba lambar da ke cikin saƙon ba. Muka kira, mutumin yace shi bai aiko komai ba, ashe an shiga imel ɗinsu an zauna ana karanta hirarmu makonni. To ku gaya min wane antibairos ne zai kama wannan? Saƙon daga ainihin adireshinsu ya fito fa.

Kuma kada wani yace ƙananan wurare ake yi wa haka. Wani mutumin Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, tsakanin 2013 da 2015 ya karɓe sama da dala miliyan 100 daga Facebook da Google da takardun biya na bogi, da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi da gaske. Facebook da Google fa, su da suka tara injiniyoyin duniya.

Yaya Injiniya:
Hajiya yanzu ma abin ya wuce imel. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya shiga mitin na bidiyo, ya ga fuskar shugaban kuɗinsu da abokan aiki ya ji muryoyinsu, ashe duk haɗawa aka yi da kwamfuta. Ya tura kusan dala miliyan 25.

Hajiya Akanta:
Shi ya sa nake cewa dokar ta fi ido. Ko fuskar oga na gani, kuɗi mai yawa sai mutum biyu sun sa hannu, sai an kira ta wata hanya daban. Matsalar kawai ogogin ne suke fara karya dokar, ya kira ka yana sauri yace tura yanzu zan sa hannu gobe. Ranar da ka saba wa ma'aikatanka da haka ka gama buɗe wa ɓarawo ƙofa, don shi ma da saurin zai zo, da muryarka.

Baba Manaja:
Wannan ta same ni Hajiya, na yi hakan ba sau ɗaya ba. Allah ne ya tsare.

Sista Nas:
Ku bari in kawo ɓangaren mu da ake kira matsalar. Kullum ana cewa ma'aikata ne raunin tsaro. Ni a asibiti nake aiki, an sa mana doka fasuwod sai ya kai kaza, da alama da lamba, a canza duk wata, kwamfuta kuma ta kulle kanta bayan minti biyu. Ina sanye da safar hannu mara lafiya yana gabana jini na zuba, in tsaya in tuno fasuwod na wannan watan? Abin da ya faru shi ne kowa ya rubuta nasa ya manna a ƙasan kibod, a wani ɗakin ma akawun ɗaya duk masu dutin dare suke shiga da shi. Mun san ba daidai ba ne. Amma wanda ya kafa dokar bai taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ya ga yadda aikin yake ba, ko sau ɗaya bai tambaye mu ba.

Yaya Injiniya:
Sista kin fi mai dokar gaskiya, kuma masana suna bayanki. Tun 2017 NIST ta ce a daina tilasta wa mutane canza fasuwod lokaci lokaci haka kawai sai in akwai alamar ya fita, don abin da mutane ke yi shi ne su ƙara 1 su mayar da shi 2. Doguwar jimla da mutum zai iya riƙewa ta fi gajeren abu mai alamomi. A irin wurinku kuma akwai katin da ake dangwalawa a shiga cikin daƙiƙa. Akawun na tarayya shi ne ya fi ban tsoro, ranar da aka buɗe fayil ɗin wani mara lafiya aka yaɗa ba yadda za a san waye, sai zargi ya hau kan kowa.

Ɗalibi:
To amma ai dole a hukunta wanda ya danna link ɗin bogi ko? In ba hukunci ba za su kula ba.

'Yar HR:
A'a ƙanena, nan kam ban yarda ba. Mun gwada. Aka riƙa turo saƙon gwaji, wanda ya danna a kira sunansa a mitin. Sakamakon shi ne mutane suka koyi ɓoyewa. Wata baiwar Allah ta danna na gaske, ta sa fasuwod ɗinta, ta gane kuskuren nan take amma tsoro ya sa tayi shiru kwana uku. Da ta faɗa a minti goma na farko da canza fasuwod kawai za a yi. Yanzu mun juya abin, wanda ya kawo rahoto da wuri godiya ake masa ko da shi ya danna.

Ɗalibi:
Ko da ya maimaita sau biyar?

'Yar HR:
Wanda ya maimaita a zauna da shi a ga me ke faruwa, wataƙila aikinsa ne buɗe saƙon baƙi ɗari a rana. Ganganci daban, kuskure daban. Wanda ya ɗauki bayanan kwastomomi ya sayar wannan ba ma hira ba ce.

Malam Odita:
Ku duba abin da ya samu hukumar lafiya ta Ireland. A watan Maris 2021 ma'aikaci ɗaya ya buɗe fayil ɗin Excel da aka turo masa, amma sai 14 ga Mayu aka kulle musu komai. Kusan sati takwas ɓarayin suna yawo a ciki, kuma na'urorin tsaro sun yi ta nuna alamu ba a bi da gaske ba. To wa za ka hukunta, mai dannawa ɗaya ko tsarin da ya yi sati takwas bai farka ba? Haka kamfanin shagunan Target na Amurka a 2013, ta hannun ɗan kwangilar da ke kula musu da na'urorin sanyaya wuri aka shiga, aka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40, alhali suna da na'urar tsaro mai tsada da ta yi musu gargaɗi. Sayen na'ura ba wuya, wanda zai zauna ya saurare ta kuma yana da ikon cewa a kashe sistem yanzu shi ne ba a tanada.

Ɗan IT:
Yaya Injiniya ina da tambaya kan afdet. Ni tsoronsa nake ji wallahi, na taɓa yi manhajar akanta ta ƙi tashi kwana biyu, tun daga nan nake jinkirtawa.

Yaya Injiniya:
Tsoronka yana da tushe, kuma duk wanda yace maka amsar mai sauƙi ce bai yi aikin ba. Ga ɓangare ɗaya: Microsoft ta fitar da faci, wato afdet mai toshe wata kafa a Windows, a Maris 2017, cutar kwamfuta mai kulle fayiloli da ake kira WannaCry ta zo a Mayu ta cinye waɗanda ba su saka ba, ƙasashe kusan 150, asibitocin Ingila suka soke ganin likita kusan 19,000. Equifax ma, kamfanin tattara bayanan bashi na Amurka, a shekarar facin wata manhaja mai suna Apache Struts ya fito a Maris ba su saka a wata saba ba, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita, shugaban kamfanin ya sauka. Ga ɗaya ɓangaren kuma: cutar kwamfuta ta NotPetya a Yunin 2017 ta cikin afdet ɗin wata manhajar haraji ta Yukren ta shigo, kamfanin manhaja na SolarWinds a 2020 haka, kwastomomi kusan 18,000 suka sauke afdet mai guba da hannunsu. Sannan 19 ga Yulin 2024 afdet ɗin CrowdStrike, wanda shi kansa kamfanin tsaro ne, ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, ba ɓarawo ko ɗaya a ciki.

To me za ka yi? Ni abin da nake yi, duk abin da ke fuskantar intanet kai tsaye, VPN, fayawol, sabar imel, wannan ba na kwana da shi, cikin kwana ɗaya biyu nake sakawa don nan ake fara laluba. Sauran kuma kashi kashi, in fara da kwamfuta biyar na mutanen da ba za su shiga uku ba in ta tsaya, in jira kwana biyu, sannan saura. Manhajar akanta kuma kafin ka taɓa ta ka ɗauki bakof ka tabbatar yana dawowa. Amma duk wannan sai ka san abin da kake da shi. Kana da jerin duk kwamfutoci da manhajojin gidan?

Ɗan IT:
A kaina yake, ban rubuta ba.

Yaya Injiniya:
Rubuta shi. In ka kwanta rashin lafiya sati biyu fa? Kai kanka layi ne a rajistar da Malam ya faɗa, mutum ɗaya da komai ke kansa.

Kan bakof kuma tunda shi ya kawo mu: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, kuma a samu wanda ba ya haɗe da netwok kwata kwata, don masu garkuwa da fayil yanzu bakof suke fara nema su goge kafin su kulle sauran. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk lokacin NotPetya sai da suka sake girka saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana goma, asarar ta kai wajen dala miliyan 300, kuma kamar yadda aka ruwaito abin da ya cece su wata saba ce guda a ofishinsu na Ghana da wuta ta ɗauke mata kafin cutar ta iso. Sa'a ce tsagwaronta, ba wanda ya tsara hakan.

Baba Manaja:
To ni tambayata, ba sai a yi inshora a huta ba? Kuma in an kulle fayilolin a biya fansar mana in bai kai asarar ba.

Barista:
Baba inshora tana da amfani amma a karanta ƙananan rubutun. Kamfanin magunguna na Merck sun nemi inshora ta biya su kusan dala biliyan 1.4 bayan NotPetya, kamfanonin inshora suka ce ai wannan aikin yaƙi ne ba ya cikin yarjejeniya, aka yi shekaru a kotu sai farkon 2024 aka sasanta. Kuma fom ɗin da ake cikewa yana tambaya kuna da tantancewa mataki biyu, kuna gwada bakof, in aka ce eh alhali a'a ne to ranar biya za su zaro fom ɗin. Fansa kuma ba ta sayen tabbas. Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗin asibitoci a Amurka, a 2024 sun biya dala miliyan 22, duk da haka wata ƙungiyar ta sake fitowa da bayanan tana neman nata, kuma su ma ta wata ƙofa mara tantancewa ta biyu aka shiga. Sannan biya ba ya sauke wajibin sanarwa. A dokar GDPR ta Turai awa 72 ne daga lokacin da kuka sani ku sanar da hukuma, tara kuma tana iya kaiwa kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara, ƙasashe da yawa sun yi dokoki masu kama da ita, kowa ya duba ta inda yake. Awa 72 ba ta isa a fara tambayar wa zai kira wa. Ba a fafe gora ranar tafiya, a rubuta tun yanzu wa ke da ikon kashe sistem, wa zai yi magana da kwastomomi, lambobin waya kuma a buga su a takarda don ranar imel ɗin ma ba zai buɗu ba.

Sista Nas:
Wannan na takarda gaskiya ne. Mu ranar da sistem ya tsaya awa shida, tsofaffin ma'aikata ne kawai suka iya aiki da fom ɗin hannu, sababbi ba su taɓa ganinsa ba.

Ɗan IT:
Na dawo 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Akawun goma sha ɗayan na rufe su a daren. Na rubuta shafi ɗaya kamar yadda Malam Odita yace, haɗari shida, ba kalmar kwamfuta ko ɗaya, kowanne da abin da za a rasa da sunan mai shi, na fara kai wa shugabar kuɗi ita ta shiga da ni wurin oga. Ya amince da ma'ajiya sabuwa da tantancewa mataki biyu a imel ɗin kowa, shi ma har da shi duk da ya ɗan ja. HR sun karɓi maganar fom ɗin sallama. Ɗaukar mutum na biyu a IT yace ba bana ba, na miƙa masa biro ya karanta layin sau biyu ya sa hannu, yace a sake kawo masa bayan wata shida. Ranar Asabar na gwada dawo da bakof gaba ɗaya a wata kwamfuta daban, ya dawo amma awa tara ya ɗauka, shugabar kuɗi tace in ranar biyan albashi ce awa tara ta yi yawa, ita awa uku za ta iya jurewa. Yaya Injiniya ta ina zan fara rage wannan lokacin?

Yaya Injiniya:
Kada ka dawo da komai lokaci guda. Zauna da ita ta jera maka abin da take buƙata a awa ukun farko, za ka ga bai fi manhajar albashi da fayilolin wata biyu ba, ka ware su a bakof nasu daban a ma'ajiya mai sauri, tsofaffin takardu su biyo baya ko da kwana za su yi. Turo min girman kowane folda da irin ma'ajiyar da kuka saya in duba maka, kuma ka sa ranar gwaji na gaba a kalandar ita shugabar kuɗin ba taka kaɗai ba.